Sabbin Zuwa Su Wuce Gaba

…kuma ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Ga ciyawa lif, ga fararen duwatsun kaburburan sojojin Amurka sahu-sahu har bakin teku, amma Orval Teague, tsohon saje, ya kasa taku ɗaya. Tsoro yake ji. Shekara arba'in da gama yaƙi, sai yau da ya dawo Faransa?

Lorene tana can gaba, durƙushe a kabarin ubanta. Uwarta na ɗauke da cikinta aka kashe shi. Ita ta bi sawun Orval har gidansa a jihar Nebraska, ita ta taso shi zuwa nan. Ma'aikacin maƙabarta yana goga jiƙaƙƙen yashi a kan harufan don sunan ya fito a hoto. Wendell Hasker… To, wanne ne a cikinsu?

Sojoji uku aka kawo masa wata safiya a lokacin yaƙin, sabbi fil, takalmansu ko taɓo babu. Ba a tambayar sabon zuwa suna. Ka san sunan mutum yau, gobe ka naɗe shi a bargo, ina amfanin? Haka kowa ke yi. Kowa! Gona, shinge, bindiga mai jigida ta abokan gaba a ɓoye, ba a san ta ina take ba, sai an sa ta yi magana. Tsofaffin hannu kuwa ba a asararsu. Kai, kai, da kai — ku wuce gaba. Da yatsa. Wallahi da yatsa kawai ya nuna su, ko fuska bai tsaya… Ɗaya dogo ne. Ko biyu ne dogayen? Shi da sauran suna kwance cikin rami, suna jiran ganin inda wuta za ta fito. Ta kuwa fito, a kan su ukun.

A wasiƙa ya rubuta mata cewa ya san mahaifinta sosai. Ƙarya tsagwaronta. Runduna ce ta zo ɗaya, ranar mutuwar ta zo ɗaya, shi ke nan. In ta gane fa? In ta dube shi ta gane?

Ta juyo, fuska sharkaf da hawaye. "Baba Orval, matso mana. Ka ce sai a nan za ka gaya min maganarsa ta ƙarshe."

Magana ɗaya tak aka yi a gonar nan — ɗaya daga cikin ukun ya waiwayo ya ce: Saje, kuna bayanmu ko? Shi kuma ya gyaɗa kai. Maganar nan kaɗai gare shi, kuma bai ma san daga bakin wa ta fito ba.

Tana jira.