Ƙwai Goma Sha Tara da Mangwaro Ɗaya

Jiya kuwa wani mafarki na yi, har yanzu ban yarda da shi ba.

Na gan ni a ofishin inshorar mota, rana tsaka, ɗauke da ƙwarya. A ciki akwai ƙwai goma sha tara, kowane ɗaya shekara ce da na yi ban nemi diyyar ko tsinke ba. Su ne rangwamen da ake yi mini, kuma da su nake iya riƙe tsohuwar motata a kan ɗan fanshon malanta.

Akawun ƙadangare ne, sanye da tabarau. Tun kafin in buɗe baki yake gyaɗa kai, abin da ya sa na ƙara rungume ƙwaryata.

“Ranka ya daɗe, mangwaro ne ya faɗo wa motata. Takardarku ta ce komai ya faru a sanar.”

“Madalla da mai gaskiya,” in ji shi. Ya zura hannu ya ɗauke ƙwai biyar.

“Kai malam! Ban ce ku biya ni ba. Ko tabo bai yi ba.”

“Amma kin faɗa, Hajiya Kande. Mai faɗa yau, mai nema ce gobe. Lissafi ya nuna.”

“Lissafin wa?”

Ya ɗauke biyu saboda tambaya.

Sai ga mu a kotu, a kan rufin wata tasha. Aka kira mangwaron, ya shigo da babbar riga, ya rantse cewa yana saukowarsa cikin lumana motata ta tare masa hanya. Alƙaliya, wata zabuwa, ta tambaye ni me ya sa na ajiye mota a ƙarƙashin sama, alhali kowa ya san daga can abubuwa suke faɗowa. Aka ɗauke ƙwai shida.

A gefena wani mutum na zaune a kan sitiyari, iyakar abin da ya rage na motarsa ke nan. Ƙwaryarsa cike take, har da ’yan tsaki.

“Bawan Allah, kai yaya ka yi?”

Ya ɗora yatsa a leɓe. Aka tafa masa, aka ƙara masa ƙwai. Na lura nawa ne, don na san zanensu.

Na ce wannan zalunci ne, sau biyar na faɗa. Da na duba, saura ƙwai ɗaya.

Ƙadangaren ya matso da fom, murya ƙasa-ƙasa. “Tambaya ta ƙarshe, Hajiya. Ko a mafarki, wani abu ya taɓa samun motarki?”

Na dubi ƙwan. Na dubi bironsa.

Ƙiiii! Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe ta farkar da ni, gari ya waye. Maƙwabciyata Gambo ta leƙo ta taga.

“Hajiya, kurar jarkokin mai ruwa ta gogi motarki! A kira masu inshora?”

Na ja mayafi na rufe kaina.

“Wace mota, Gambo? Ni ban ji komai ba.”