Hayaƙin da Aka Binne

Da farko na ɗauka kyanwa ce ke minshari a ƙarƙashin gado, sai na tuna ba mu da kyanwa. Sautin siriri ne, kamar mutum ya tsuke baki yana hura shayi mai zafi, sai dai shi ba ya tsayawa ya ja numfashi. Na sauko na bi shi da rarrafe har kusurwar da jikokina biyu ke kwance a katifar ƙasa. Daga wata tsaga a siminti yake fitowa, tsagar da ba ta fi kaurin zare ba. Na kara kumatuna, na ji sanyi.

An san ni da sauraren abin da ba a saurare. Na taɓa yin yini guda ina bin ayarin tururuwa don in ga inda suke kai gawarsu. A aji huɗu na bar makaranta, amma ko takardar ƙunshin sabulu sai na karanta ta. Shi ya sa in na ce na ji abu, sai a ce, "Baba ya fara." To amma wannan na san shi. Shekara talatin na yi ina haƙar rijiya, ba mu taɓa sauka ba sai mun zura fitila. In ta mutu a ƙasa, kai ma abin da zai same ka ke nan.

Na kunna kyandir. Daidai ƙirjina yana ci. Daidai gwiwa yana ci. Na sauke shi kusa da kan yaran, sai wutar ta tsuke, ta yi shuɗi, ta mutu ba tare da ko kaɗawa ba.

Na kinkimi yaran ɗaya bayan ɗaya na ɗora a gadona. Babbar ta buɗe ido da ƙyar.

"Angona, ina za ka kai ni?"

"Ɗakin amarya, uwar surutu. Koma barci."

"Kaina ciwo yake."

Ban sake runtsawa ba.

* * *

Masana'antar siminti tana tsallaken titinmu. Mun tsufa muna shanya farin kaya muna kwashe masu ruwan toka. Shekara biyu da suka wuce aka kafa rumfa, aka tara mu, wata injiniya mai hular ƙarfe ta yi mana bayani. Ta ce hayaƙin masana'antu ne ke ƙara wa duniya zafi, don haka kamfani ya zuba jarin da ba zai ga ribarsa ba sai bayan shekara ashirin. Za su kama muguwar iskar tun a bututu, su matse ta, su tura ta can ƙarƙashin duwatsu ta zauna har abada.

Abin ya burge ni ƙwarai. Na tambaye ta ko hayaƙin ba zai yi kewar sama ba. Aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

"Yana yi, Baba," in ji ta. "Shi ya sa nake roƙonku, duk wanda ya san wani tsohon rami mai zurfi a wannan yanki ya gaya mana. Ƙofa ɗaya ta ishe shi."

Na ɗaga hannu. Ɗana, wanda a makon aka ɗauke shi aikin duba agogunan bututu, ya cafke shi ya mayar mini kan cinya.

Ai na san ramin. Ina saurayi, nan duk daji ne, na yi wa wasu masu neman man fetur dakon bututu. Wata takwas suna huda ƙasa, ba su sami komai ba, suka zuba siminti a bakin ramin suka tafi. Da gari ya faɗaɗo aka ƙi filin, ni na karɓa, har ina murna na sami daɓen ɗaki a kyauta.

Daga baya na gane dalilin ɗana. A layin bayanmu an gano irin wannan rami. Aka rushe gida bakwai, aka ba masu su takarda mai hatimi. Har yau suna raɓe a gidajen dangi, takardar tana cikin leda.

* * *

Da gari ya waye na nuna wa ɗana tsagar. Ya ce tsufa ne. Na miƙa masa kyandir na ce ya gwada da kansa. Sau uku yana kunnawa, sau uku yana mutuwa a bakin tsagar.

"Baba, ka rufa mini asiri," ya ce ƙasa-ƙasa, don kada matarsa ta ji. "Ni na sa hannu cewa babu rami a gidan nan. In suka sani, ba gida, ba aiki. Ina zan kai ku?"

"In ba su sani ba fa, ina za ka kai su?" Na nuna yaran da haɓa.

Surukata tana bakin ƙofa, ashe ta ji. Ta ajiye bokitin hannunta ta je ta buɗe tagogi duka.

Ya kwaɓa siminti ya shafe tsagar. Ya yi aiki mai kyau kuwa, har da goge gefe da soso. Kafin la'asar sautin ya koma bayan ƙofa.

Washegari na sa rigata ta fita unguwa na tsallaka titi ban gaya wa kowa ba. Mai gadi ya hango ni ya washe baki.

"A'a, Sarkin Tururuwa! Yau kuma me aka gano? Aljanu sun yi waya?"

Na ce injiniyar nake nema. Ya ce an yi mata canjin wurin aiki tun bara. Ya kai ni wani ofis mai sanyi, inda wani magatakarda ya turo mini takarda ba tare da ya ɗago kai ba. Na karanta ta da yatsa, layi-layi, kamar yadda na saba. Suna. Lambar gida. A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe: wanda ya kawo rahoto ya yarda ya tashi daga gidan cikin kwana bakwai. Babu layin da ya faɗi inda zai koma.

Na riƙe biron har ya yi gumi. Ni da na sauka rijiya mai gaba ashirin da igiya ɗaya a ƙugu, sai ga shi na kasa sa hannu a takarda.

"Baba, akwai mutane a bayanka," in ji magatakardan.

Na ce na manta tabarau a gida. Ban taɓa mallakar tabarau ba.

* * *

Yanzu komai na gidanmu ya hau sama. An sa bulo uku-uku a ƙarƙashin ƙafafun gadaje. Yaran suna kwana a kan teburin cin abinci, an tare su da kujeru. Sun ɗauka wasa ne, suna kiran teburin jirgi. Kullum da asuba nakan sauke kyandir a jikin bango, in ja layi da gawayi a inda ya mutu. Layukan sun zama bakwai, kowanne ya ɗara na jiya da faɗin yatsa. Ɗana ya daina kallon bangon. Ni kuwa ba abin da nake kallo sai shi.

Yau da sassafe Mai Ɗinki ta yi sallama. Bazawara ce, bango ɗaya ya raba mu, sai dai ɗakinta yana gangare, sai ka sauka matakala biyu. A nan take ɗinki, a nan take kwana da jaririyarta a kan tabarma kusa da keke. Ta shigo da goyo, tana neman aron ashana.

"Kyandirina ne ya haukace, da na ajiye shi a ƙasa sai ya mutu. Na ƙarar da kwali guda. Kayan yanzu duk jabu!" Ta gyara goyonta. "Ga wannan malalaciya kuma, kwana biyu sai na yayyafa mata ruwa take tashi. Ko nono ba ta nema."

Kan jaririyar ya langaɓe gefe, bakinta a buɗe.

Surukata ta miƙa mata ashanar, idonta a ƙasa. Ɗana yana ɗaura igiyar takalminsa, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ni kuwa na mayar da idona kan layukan bango.

Mai Ɗinki ta juya za ta fita, sai idonta ya faɗa kan teburin. Ta dubi yaran, ta dubi bulon da ke ƙarƙashin gadaje, ta yi dariya. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya tana jiran wani ya taya ta. Dariyar ta tsaya.

"Baba," ta ce, "me ya sa kuka daina kwantar da yaranku a ƙasa?"