Ranar da Aka Haska Gwaggo a Allo

Auta bai gaya wa kowa a gida ranar da zai kare kundinsa na digiri na biyu ba. Da yayarsa ta matsa masa da tambaya, sai ya ce ai ba wani taro ba ne, malamai ne kawai za su yi masa 'yan tambayoyi a ofis. Ƙarya ya yi, kuma ya san dalilin da ya sa ya yi ta.

Karatunsa na yanke shawara ne a harkar kasuwanci ta hanyar lissafi, wato yadda mai kamfani zai auna abin da ke gabansa da alƙaluma maimakon ya bi abin da ransa ke so. Da aka ce kowane ɗalibi ya nemo kamfani na gaske ya yi nazari a kansa, abokan karatunsa suka shiga yawon ofisoshi, ana sallamarsu tun daga bakin ƙofa. Shi bai je ko'ina ba. Mahaifinsa yana da maɗaba'a, inda ake buga littattafan makaranta da kalanda da katin gayyata, kuma a cikin warin tawadarta ya girma.

A tsakiyar shagon akwai wata tsohuwar na'urar bugu da ma'aikata ke kira Gwaggo, saboda ba ta taɓa fara aiki ba tare da ta yi mita ba. Baba ya saye ta tun kafin a haifi Auta. Yanzu ta tsufa. Takan tsaya ana tsakiyar aiki, a kira mai gyara, wanda ya kawo aikin ya gaji da jira ya kwashe kayansa ya kai wani wuri. Kowa a shagon ya san lokacin rabuwa da ita ya wuce, amma babu mai bakin faɗa wa Baba.

A kan wannan Auta ya gina kundinsa. Ya zana shawarar kamar bishiya mai rassa biyu, reshen ci gaba da gyara da reshen sauyawa, ya auna yiwuwar lalacewarta a kowane babban aiki da abin da hakan ke janyowa. Lissafin ya nuna a sauya. Kuma lissafin daidai ne, babu wanda zai kushe shi. Bai ambaci sunan shagon ba. Mahaifinsa kuma ya koma "wani mai kamfani".

Da a nan ya tsaya, da babu abin faɗa. Amma wata rana a aji, yana bayanin yadda mutum kan manne wa abu don kawai ya daɗe yana wahala a kansa, sai ya ba da misali. Ya ce mai kamfanin nan kullum da safe yakan yaye mayafin na'urar, ya dafa gefenta, ya ce, "Gwaggo, an tashi lafiya? Yau dai a taimaka mana." Aji ya fashe da dariya. Auta yaro ne mai shiru, bai taɓa sa ɗaki guda dariya ba, kuma abin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata. Karo na gaba ya ƙara da kwaikwayon murya. Daga baya ya ƙara da sunkuyawa da kama ƙugu, abin da Baba bai taɓa yi ba. Har ta kai in ya shigo aji sai a ce masa, "Yaya jikin Gwaggo?"

Ranar kare kundi aka taru a zauren sashensu. Malaminsa mai duba aikin yana zaune a gaba, kusa da shi wata baƙuwar malama da aka gayyato daga wata jami'a don ta yi jarrabawar. Ɗalibai sun cika kujerun baya. Aka saki labule, aka kashe fitila don majigi ya fito sosai, ɗakin ya yi duhu har ba ka gane fuskar na nesa. Auta ya ji ƙofar baya ta buɗe ta rufe, bai kula ba.

Ya yi bayani tiryan-tiryan, bakinsa bai sarƙe ba. Sannan ya hasko hoton na'urar. Ya yanke allon sunan shagon daga hoton, amma a gefe ana ganin kujerar katako da aka ɗaure wa matashi da igiya, da tabarau a kan tebur.

"Wannan ita ce Gwaggo," in ji shi.

Tun kafin ya ci gaba 'yan ajinsu suka fara ƙyaƙyatawa, don sun san abin da ke tafe. Ya sunkuya, ya kama ƙugu, ya dafa teburin da ke gabansa, ya shaƙe murya irin ta tsofaffi.

"Gwaggo, an tashi lafiya? Yau dai a taimaka mana."

Zaure ya ɗauka. Wani daga baya ya ce, "A maimaita mana!" Malaminsa ma ya rufe baki da hannu. Auta ya miƙe yana murmushi ya ce, "To kun ga irin shugabancin da muke fama da shi. Ana gaisawa da ƙarfe, kasuwa tana wucewa."

Da ya gama aka kunna fitila.

A layin ƙarshe, kusa da ƙofa, yayarsa ce zaune ta dafe goshi. A gefenta Baba ne, cikin farar rigarsa da ba ya sawa sai fita ta musamman, da wani ƙunshi na takarda a kan cinyarsa. Ba ya kallon Auta. Allon yake kallo, inda har yanzu kujerarsa da tabaransa suke.

 

Baƙuwar malamar ba ta yi dariya ba tun farko. Ta gyara zama ta ce, "Lissafinka ba ni da ja a kansa. Tambayata ɗaya ce. Ka rubuta cewa mai kamfanin nan ya ba ka izini. Ka san dokarmu, binciken da aka yi a kan mutum ba da saninsa ba, ba ma karɓarsa, ko da ya fi wannan kyau. To ina so in ji daga bakinka. Ya sani? Ya yarda?"

Amsa biyu ce kawai a gabansa, kuma ya gan su sarai kamar rassan bishiyar da ya zana. In ya ce a'a, kundin ya faɗi, wahalar karatunsa ta tashi a banza. In ya ce e, ya yi ƙarya a kan mahaifinsa, mahaifin yana zaune yana ji. Wanda ya kwashe shekaru yana koyon yanke shawara ya kasa zaɓar reshe ɗaya.

"Muna sauraronka," in ji malamar.

Kujera ta yi ƙara a baya. Baba ya miƙe, ya ajiye ƙunshin a wurin zamansa.

"Malama, a yi mini afuwa, ban san ko baƙo yana magana a nan ba."

"Bismillah, Baba. Ku ne wa?"

"Ni ne mai Gwaggo. Wannan ɗana ne, autana. Ya sanar da ni, kuma na yarda."

 Wanda ya ce a maimaita ya sunkuyar da kai kamar zai shige ƙarƙashin kujera.

"Kun tabbata, Baba?"

"Na tabbata. Sai dai muryar bai iya ta ba. Kuma ni ba na kama ƙugu, bayana lafiyarsa ƙalau."

Babu wanda ya yi dariya. Baba ya koma ya zauna. Dattijo ne da duk masu hulɗa da shi suka shaida ba ya ƙarya, ko a kan ranar da aiki zai fito. Ranar nan ya yi ta a gaban jama'a, kuma ɗansa ne ya sa shi.

Malamar ta daɗe tana duban Auta, sannan ta rubuta abin da za ta rubuta. Aka ce ya ci. Abokansa suka taso suna ba shi hannu a sanyaye, kowa na kauce wa idonsa. Kafin ya kutsa zuwa ƙofa Baba ya tafi. Yayarsa kaɗai ya tarar a baranda.

"Yaya, me ya sa ba ki gaya mini za ku zo ba?"

"Au, laifina ne ma? Ni na ga sanarwa na gaya masa, na ɗauka abin arziki za mu gani. Tun jiya yake goge takalmi." Ta dangwara masa ƙunshin a ƙirji. "Ungo, ɗan wasan kwaikwayo. Ya ce a raba wa malamanka da abokanka. Sai ka raba da kanka."

Ya buɗe. Katuna ne masu kauri, an rubuta, "Muna taya ɗanmu murnar kammala karatu." A gefen hagu na kowanne tawada ta ɗan malala, yadda Gwaggo ta saba yi.

Washegari da safe ya tafi shagon. Ma'aikata sun riga sun ji, don gaisuwarsu ta yi gajarta. Baba yana kan kujerarsa ta katako. Auta ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau." Ya juya wajen babban ma'aikacinsa, mai tuƙa na'urar. "Kawo wa malam kujera. Mai bincike ne, kada a bar shi a ƙasa."

"Baba, don Allah ka yafe mini."

"Zauna tukuna. Lissafin nan naka, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Babu ƙari, irin na kama ƙugu?"

"Babu."

"Tun yaushe ka sani?"

"An daɗe."

"An daɗe." Baba ya cire tabaransa ya goge da bakin riga. "Kullum a kwano ɗaya muke sa hannu. Ban taɓa hana ka magana ba. Da ka ce, Baba, abin nan yana cutar da kai, zan yi faɗa, na sani, wataƙila in kwana biyu ba na amsa gaisuwarka. Amma a gida ne. Ka iya tsayawa gaban mutanen da ba su san ni ba ka faɗa musu har da rawa, ni ka kasa faɗa mini a zaune."

Auta bai ɗago ba. 

"Na yafe maka," in ji Baba. "Ba don ka roƙa ba, don ba na son in kwana da shi." Ya dubi babban ma'aikacin. "In an gama littattafan makarantar da ke hannunmu, ka kira mutumin da ya taɓa taya ta. Ka ce ya zo ya ɗauka."

"Gwaggon, maigida?"

"Ita."

Baba ya tashi ya yaye mayafin na'urar, ya ninke shi, ya ajiye. Mai tuƙa na'urar ya ɗora yatsa a kan makunni ya dakata, kamar yadda ya saba dakatawa kowace safiya sai an gama gaisuwa. Sauran ma'aikatan ma suka tsaya da abin da ke hannunsu. Hannun Baba ya ɗan ɗago wajen gefen na'urar, sai ya dubi inda Auta yake zaune, ya mayar da shi cikin aljihu.

"Me kake jira?" in ji shi. "Kunna kawai. Ƙarfe ne."