Kurnar Bayan Ɗakin Inna Mairo

Ranar sadakar arba'in ɗin Inna Mairo, da hantsi, mata na dakan gumba a tsakar gida sai aka ji ihu daga gonakin wake. Ɗiyarta Latifa ba ta kai ga ajiye ƙwaryar hannunta ba, mutum ya faɗo ta saman darni, ya birgima tsakanin turame. Jaje ne, ɗan rugar gabas, wanda uwarsa ke kawo musu nono. An sare shi a kafaɗa har farin ƙashi ya fito.

Shanu ne suka shiga gonar wani manomi Sadiƙu, aka yi faɗa, aka ɗauko Sadiƙu a amalanke babu rai. Masu shanun sun tsere. Shi Jaje a hanyar kasuwar Illela aka tare shi, yana jan rago ɗaya da igiya.

Latifa ta ja shi zuwa bayan ɗakin haihuwa, gindin kurna, ta ɗauko akwatin aikin uwarta, ta fara ɗinki.

Inna Mairo dai Moira ce sunanta na yanka, a wani garin masunta na Sikotlan aka haife ta. Aikin jinya ya kawo ta Konni, ta auri Ishaku malamin dabbobi, ta biyo shi wannan ƙauye na ƙasar Bazaga, ta yi shekara talatin da takwas tana karɓar haihuwa ba wanda ya sa ta. Farkon zuwanta an gaya mata ana wanke mabiyiya a binne tare da cibiya, amma ba a gaya mata a gidan uban jariri ake binnewa ba. Sai ta riƙa binne ta kowa a gindin kurnarta, ta manomi da ta makiyayi. Da tsofaffi suka farga aka yi ta dariya, aka ce Baturiya ta tara gari a rami ɗaya. Ta ƙi dainawa, mata kuma suka ƙyale ta.

Ɗinki na huɗu Latifa ke yi aka karya ƙofa. Matan sadaka suka watse, ban da Ummul-Khairi, tsohuwar ungozomar da ta yi aiki da uwarta. Mutane kamar ashirin suka shigo da sanduna da lauje, Namadi wan Sadiƙu yana gaba da gatari, jinin ƙanensa bai bushe a rigarsa ba.

Ya ce ta tashi. Ta ce idan ta gama. Ya ce boko ya lalata ta, ita da uwar tata ba su san zafin ƙasa ba. Ta ja zare ba ta dube shi ba.

Ƙotar gatari ta same ta a baki. Ta ji haƙora biyu sun faɗo kan harshenta, ta tofar da su, ta kifa jikinta kan Jaje. Sanduna suka sauka a bayanta. Wani ya taka mata hannun dama har ta ji yatsu sun karye ɗaya bayan ɗaya. Shekarar amai da gudawa ta taɓa ganin an jefi uwarta da dutse a goshi, an ce ita ta zuba wa rijiya magani. Uwar ta ɗaure kai da kallabi ta koma ɗibar ruwa. Latifa ta cije, ta ƙi yin kuka a gabansu.

Ta ɗago kai, bakinta cike da jini.

"Yaya Namadi, ɗaga ƙafarka. Kan cibiyarka kake tsaye."

Ummul-Khairi ta dogara taɓarya ta ratsa cikin mazan kamar ba ta gan su ba. Ta doka ƙasa kusa da ƙafar Namadi, ta ce nan ce tasa. Ta doka can, ta ce ta Barmo ce, wanda ya taka hannun yarinyar. Sannan ta doka daidai inda kan Jaje yake.

"Nan kuwa ta Sadiƙu ce da ta wannan. Rana ɗaya aka haife su, da rani, ƙasa ta yi tauri, muka haɗa su rami ɗaya. Ni na haƙa. In za ka yanka shi, ɗan nan, a kan ƙanenka za ka yanka."

Namadi ya ɗaga gatari. Latifa ba ta rufe ido ba. Ya sauke shi a jikin kurnar, ya sake, ya sake, yana wani irin gurnani, ɓawo na tashi, ƴaƴan itacen na zuba musu a ka.

Barmo ya ce ai rugar ba ta da kurna. Sauran suka bi shi, ba a jima ba hayaƙi ya tashi daga gabas.

Namadi bai bi su ba, bai kuma dubi Jaje ba. Ya je ya zauna a bakin karyayyar ƙofar, gatari bisa gwiwa. Da mutanen suka dawo suna neman shiga, ba wanda ya iya tsallake shi.

Jandarma ba su iso ba sai la'asar. Kafin nan Latifa ta ƙarasa ɗinkin da hannun hagu, tana soka allura, Ummul-Khairi na jan zare. Ya fito a karkace, irin wanda uwarta za ta sa a warware. Ta ɗora kunne a ƙirjin Jaje, ta ji yana numfashi.