Kwandon Ɓaure a Bango

Tun bara tsohuwa Rachele ta daina gane ɗanta Aniello. Kullum da safe sai ta gaishe shi da ladabi kamar mai kawo tukunyar gas, ta tambaye shi wa yake nema. Aniello ya ba shekara sittin baya, amma abin yana cin ransa ƙwarai. Gobe za a kai ta gidan kula da tsofaffi, shi kuwa abu ɗaya yake so kafin nan: ta kira sunansa.

Ya rasa inda zai kai ta, sai ya tura ta a keken guragu zuwa wani tsohon gidan Rumawan dā da ke bayan unguwarsu, wanda aka tono daga tokar Vesuvio, dutse mai aman wuta. Baƙi na tahowa daga uwa duniya don zanen bangonsa, 'yan unguwa kuwa ko leƙe ba sa yi.

Suka ratsa jajayen ɗakuna, tsuntsaye da ginshiƙai duk a zane, ko kai ba ta ɗaga ba. Sai a ɗakin ƙarshe. Can sama a bango an zana kwando cike da ɓaure, wasu har sun tsage don tsabar nuna.

"Bawan Allah, tsaya," in ji ta. "Wace malalaciya ce ta bar kwando a sama? Ina igiyar?"

A layinsu mata ba sa wahalar sauka daga bene, kwando suke zurowa da igiya daga baranda. Haka ta riƙa zuro masa ɓaure lokacin yana yaro, yana wasa a titi.

"Zane ne, Mama."

"Yaron yana ƙasa, yunwa yake ji."

Ta shiga sakin igiyar da babu ita, a hankali, hannu na bin hannu. Aniello ya dubi mai gadin wurin, mai gadi ya kau da kai. Sai ya durƙusa a gaban keken, gwiwoyinsa na ƙara, ya sunkuya, ya miƙa hannaye don ya karɓa.

Ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa. Daga sama ta saba ganinsa. Ta kai yatsa kan wani tsohon tabo, ta shafa.

"Aniello," ta ce. "Ja'iri, ina ka kai gashinka?"

Kuka ya ci ƙarfinsa, ya kama hannunta zai sumbata. Ta janye.

"Je ka wanke hannu tukuna."