Man da Auta Ya Jira

"Mai dai mai ne, Auta. Zuba kawai."

"Ba zan zuba ba, Yaya."

Yayarsa ta dangwarar da galan ɗin a kan benci, sifanu suka yi ƙara. A gidan mai ta sayo shi, ta ce a ba ta wanda ya fi kowanne kyau.

"Kyansa ne matsalar," Auta ya ce, bai ɗago kai daga cikin bonet ɗin motar ba. "Santsi ya yi masa yawa. Ringin da na saka wa injin nan sababbi ne, sai sun goga jikin silinda sun zauna. Idan na zuba wannan ba za su taɓa zama ba. Hayaƙi za ta yi ta yi har ta mutu."

"To ta yi mana. Hayaƙi ya taɓa hana mota tafiya?"

Motar ta Baba ce, ta girmi su biyun. Ta daɗe kwance a garejin gida, ɓeraye na haihuwa a kujerar baya. Da ciwo ya kwantar da Baba, ya shanye masa ɓari guda, Auta ya sauke injin ya sake shi da hannunsa. Ya yi wa tsohon alkawari zai zagaya da shi gari a cikinta. Abin da ya rage shi ne mai irin na da, mara santsi. Babu shi a shagunan kusa. Wani dila ya ce man yana hanya.

"Ka leƙa Baba yau?" ta tambaya.

Ya ci gaba da goge abin da ya riga ya goge.

"Ai na sani. Malam injiniya ba ya da lokaci. Tun da ya ji ka ɗaura injin, kullum da safe sai ya yi wa Umma nuni ta saka masa takalmi. A kwance, da takalmi. Da yamma ta cire."

Auta ya sani. Ya taɓa gani ta tagar ɗakin: ƙafafu biyu sun rame, baƙin takalmi ya sha goga, a kan zanin gado. Tun ranar ya daina bi ta wajen tagar.

"Shi ya koya mini gyaran mota," ya ce. "Da yana iya magana da ya ce a jira."

"Da yana iya magana da ya ci maka mutunci. Kai dai tsoro kake ta yi hayaƙi a gabansa, ya ga aikinka."

Ta fita ta bar masa galan ɗin. Ya daɗe yana kallonsa. Har ya murɗa murfin, ya shinshina, ya rufe.

Jikin Baba ya tashi ranar da dila ya sake cewa gobe. A motar haya aka kai shi asibiti. Auta ne ya riƙe ƙafafun. Da suka zo wucewa ta ƙofar gareji, tsohon ya juya idonsa mai lafiya wajen motar, bonet a buɗe, bai ɗauke ba har aka tura shi cikin motar hayar. Takalmin na ƙafarsa.

Bai dawo ba.

Man ya iso bayan masu gaisuwa sun watse. Auta ya karɓa daga hannun ɗan aiken dila. Ya zuba a hankali, ya duba sandar awo, ya zauna ya murɗa makulli.

Ta tashi. Babu tari, babu kakari. Ya zagaya baya ya kara tafin hannu a bakin salansa. Iska mai ɗumi kawai, ko ɗigon hayaƙi babu. Aiki ya yi kyau.

Ƙarar ce ta fito da Umma, wadda tun rasuwar ba ta taka tsakar gida ba. Da sauri ta zo, kamar yadda take fitowa buɗe ƙofa shekarun baya idan ta ji wannan ƙarar a bakin layi. Ta tsaya a ƙofar gareji. Yaya na bayanta, hannu a harɗe.

Umma ta kalli kujerar direba, ta kalli ta gefe. Sannan ta kalli Auta.

"Wa za ka ɗauka?"