Injiniya da Robar Furotin

Injiniya mai gyaran waya bai yarda da komai ba sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Sana'a ce ta mayar da shi haka. Wanda ya saba zaro batirin jabu daga kwali mai hatimin asali, ko ruwan sha ka miƙa masa sai ya ɗaga kofin ya duba. To, matar wannan mutumin, Auta, ita likita ya ce hanjinta ba ya shiri da gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, ko ɓurɓushi ta ci sai ya taɓa ta. Ta rame bayan haihuwa har zobe na zame mata, don haka likitan ya ce ta riƙa shan garin furotin ko jikin ya dawo.

Injiniya ya kwashe fulawa da taliya ya ba maƙwabta, ya sauya har ludayi. Aka ɗan samu sauƙi, sai kuma ciwon ya dawo: kumburin ciki, zawo, kasalar da ko jaririyar ba ta iya goyawa. Tsoro ya kama shi sosai, don likita ya ce idan hanjin ya ci gaba da lalacewa sai an kwantar da ita.

Baƙo ɗaya ne a kicin ɗin, wato robar furotin, ita ya tuhuma. Ya tafi da ita shago, ya ture wayoyin mutane gefe, ya sa ta ƙarƙashin fitila da gilashin da yake duba ƙananan ƙarafa. Ya bi rubutun nan mai kama da ƙafar tururuwa, ya shinshina, ya kankare hatimin da farce. Daga nan ya wuce wajen mai kantin magani.

"Wannan ɗanɗanon cakulan ɗin, da me suka haɗa shi? Ba sha'ir a ciki?"

"Injiniya, ga shi a rubuce babu gulutin."

"Ni ma ina da caja a shago da aka rubuta mata asali. In kawo maka?"

Bai tsaya nan ba, ya kira lambar kamfanin, ya tsare wata baiwar Allah da tambayar ko injin da ke niƙa garin yana niƙa wani abu, da wanda ke wanke shi. Ta ce injinsu daban yake, ana kuma gwada kowane zubi. Ya yi mata godiya bai yarda ba. Ya sayo wani garin marar ɗanɗano, mai tambarin gwaji, ya haɗa da sabon cokali. Ciwo dai na nan.

Da ya tambayi Auta, sai ta ce, "Ƙila shi ma garin ne," tana gyara wa jaririya hular da ba ta karkace ba. Ya san wannan muryar, da ita masu kawo gyara ke rantse masa wayar ba ta faɗa ruwa ba, alhali yana ganin tsatsa.

Ran da ta ce za ta gaida mahaifiyarta, ya rufe shago da rana tsaka ya bi bayanta, yana jin kunyar kansa, yana kuma tafiya. Tun daga matakalar benen da surukarsa take ƙamshi ya tare shi. Ƙofa a buɗe take. Mama na zaune ta yanka kek na fulawa mai zafi a faranti, tana tura wa Auta.

"Ci, Autata. Likitocin nan sai su hana mutum numfashi. Da wannan na raine ki, ɗan yanki me zai yi miki?"

Auta kuwa ta riga ta gutsura. Ta ɗago suka haɗa ido, hannunta ya tsaya a iska.

Duk maganar da Injiniya ya zuba wa mai kanti da matar kamfani, a gaban surukarsa ko ɗaya ba ta fito ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ja farantin gabansa.

"Mama, yau ko karyawa ban yi ba. A yi mini afuwa."

Ya cinye tas, har guntun da ke hannun Auta ya karɓe. Mama ta yi ta dariya tana sa masa albarka, ta ce ashe ɗan nata ya san daɗi, ta tashi ɗauko takardar da za ta naɗe musu sauran.

Sai da suka sauko ƙasa ya yi magana cikin haushi.

"Kina kallo ina zargin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba."

"Tun rasuwar Baba ba ta kunna murhun nan sai ran da zan zo," in ji Auta. "In na ce ba na ci, me ya rage mata?"

"In aka kwantar da ke fa, me ya rage wa wannan?" Ya nuna jaririyar.

Auta ta kalli ƙunshin kek ɗin da ke hannunsa, mai ya fara ɓullowa ta takardar. Sannan ta kwance goyon ta miƙa masa, ta karɓi ƙunshin.

"Kada ka biyo ni. Uwata ce, daga bakina za ta ji."

Ya tsaya a gindin matakala da 'yarsa a kafaɗa. Ya ji an rufe ƙofa a sama, ya ji muryar Auta ƙasa-ƙasa, har zuwa inda dariyar Mama ta yanke.